Ganyen Shayi, Bagaruwa da Girafin: Neman Maganin Ruwan Rini Daga Guangzhou Zuwa Kano

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar yadi ta Zhongda da ke gundumar Haizhu a birnin Guangzhou ya san launi ba ya ƙarewa. Ja kaɗai sai ka ga iri talatin a shago guda. Daga wannan kasuwa da ire-irenta kaya ke tashi a kwantena zuwa Legas da Kwatano da Lome, wasu su ƙare a Kantin Kwari. Abin da ba ya shiga kwantena shi ne ruwan da aka yi rinin da shi. Wannan yana nan inda aka bar shi, kuma dole wani ya sha, ko ya yi ban-ruwa da shi, ko ya biya kuɗin tace shi.

A garin Xintang da ke gundumar Zengcheng, wanda ya yi suna wajen ɗinka wandon jins, ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto a 2010 cewa ta samu ƙarafa masu guba a ruwan yankin. Daga baya hukumomi sun rufe ko sun kwashe da yawa daga cikin masana'antun wanki da rini na garin. Mu 'yan Kano ba sai an ba mu labari ba. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima da na masaƙa a Bompai yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuma ya nufi kogin Challawa, ga manoman rani a bakin hanyarsa suna shuka latas da kabeji da albasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a fannin sinadarai, a ɗaya daga cikin jami'o'in da ke tsibirin Xiaoguwei a gundumar Panyu, unguwar jami'o'in da aka buɗe a 2004. Aikina shi ne haɗa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe a kan wani abu da ake kira girafin, ta amfani da ruwan ganye maimakon sinadarai masu guba, don a karya dattin da ke cikin irin wancan ruwa. In na faɗa wa 'yan uwanmu 'yan kasuwa da ke Xiaobei haka, yawanci sai su yi dariya su ce ashe magani na gargajiya na zo koyo har ƙasar Sin. Akwai ƙamshin gaskiya a zolayar, shi ya sa na ga ya dace in warware zancen dalla-dalla.

Dillalin da ba ya karɓar la'ada

Akwai sinadarai biyu da za su iya haɗuwa su zama wani abu dabam, amma in ka zuba su wuri guda sai su kwana su wuni ba abin da ya faru, kamar mai saye da mai sayarwa da suka kasa daidaitawa. Sai an samu na uku da zai jawo su kusa, ya sassauta wannan, ya lallashi wancan, ciniki ya faɗa. Wannan na ukun shi masana ke kira katalis, sunan da Berzelius ɗan ƙasar Suwidin ya raɗa wa al'amarin a 1835. Dillali ne, sai dai shi ba ya karɓar la'ada: yadda ya shiga haka yake fita, ya kuma koma ya haɗa wani cinikin, sau dubbai.

Rayuwarmu cike take da aikinsa. Takin yuriya da manomi ke saya ya samo asali ne daga amoniya, wadda ake yi da taimakon katalis na baƙin ƙarfe. Tukunyar da ke cikin salansar mota, wadda ɓarayi ke yankewa a biranen Turai da Amurka, tana ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam, su ke rage gubar hayaƙi. Magunguna da dama ana haɗa su da taimakon faladiyam, aikin da ya sa Heck da Negishi da Suzuki suka samu kyautar Nobel a 2010.

Matsalar ita ce waɗannan ƙarafa suna da tsada, kuma ba ko'ina ake samun su ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Ga shi kuma dillalin da fuskarsa kawai yake aiki: ƙwayoyin zarra da ke saman ƙarfen su ne ke taɓa sinadarai, na ciki zaman banza suke yi. Duk macen da ta taɓa jiƙa kanwa ta san dunƙule yana daɗewa bai narke ba, dakakkiya kuwa nan take. Ɗauki ƙarfe mai siffar ɗan akwati, santimita ɗaya ta kowane ɓangare. Faɗin fuskokinsa shida murabba'in santimita 6 ne kacal. In ka yayyanka shi zuwa 'yan akwatuna masu nanomita 10, faɗin fuskokin zai kai murabba'in mita 600, alhali nauyin bai ƙaru ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin gashin kai guda yana kai nanomita 80,000. Ƙwayoyin da muke magana a kai suna tsakanin nanomita 1 zuwa 100.

A wannan ƙanƙanta, ƙarfe yakan sauya hali. Zinare da aka sani ba ya tsatsa, ba ya shiga harkar kowa, Masatake Haruta na Japan ya nuna a 1987 cewa in ya zama 'yan ƙwayoyi yana iya mayar da iskar nan mai kisa da ke fita daga janareta zuwa wadda ba ta kai ta haɗari ba, ko da a cikin sanyi. Launinsa ma yakan koma ja, abin da Michael Faraday ya gani tun 1857 a Landan.

Tabarmar kabon

Ƙananan ƙwayoyi suna da wani hali mai ban haushi: ba sa son zama su kaɗai. Da an bar su sai su manne da juna su koma dunƙule, wahalar da aka sha ta tashi a banza. Dole a nema musu shimfiɗar da za a kafa kowace a wurinta. A nan girafin ya shigo.

Bakin fensir ɗin da yara ke rubutu da shi girafayit ne, wato zallar kabon da aka jera shimfiɗa kan shimfiɗa kamar takardun littafi. Shimfiɗa guda daga ciki ita ce girafin. Kaurinta ƙwayar zarra ɗaya ce, saƙarta kuma irin ta saƙar zuma, gida-gida mai kusurwa shida. Girafayit mai kaurin milimita ɗaya yana ɗauke da irin wannan shimfiɗa kusan miliyan 3. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka ɓanɓaro ta da salatif, suka samu kyautar Nobel a 2010.

A lissafi, giram ɗaya na girafin yana da faɗin murabba'in mita 2,630, wato giram uku sun fi filin ƙwallo. A aikace ba a samun haka, domin shimfiɗun suna komawa su kwanta a kan juna, amma abin da ya rage ma yana da yawa. Bayan faɗi, wutar lantarki tana gudu a cikinsa ba tare da wahala ba, saboda haka ba tabarma ce kawai ba, yana taya ƙarfen miƙa ilektiron daga wannan sinadari zuwa wancan. Shi ya sa masu binciken injinan da ke aiki da iskar haidirojin suka damu da shi, don a rage filatinam ɗin da ake zubawa. A Foshan, maƙwabciyar Guangzhou, an fara gudanar da jirgin ƙasa na cikin gari mai amfani da haidirojin a gundumar Gaoming a ƙarshen 2019. Ƙasar Sin kuma ita ce kan gaba a duniya wajen haƙo girafayit, kuma tun Disamba 2023 sai da izini ake fitar da wasu nau'o'insa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda suka ɗauki abin.

Maganin da ke zuwa da tasa cutar

Salatif ba zai ba ka girafin mai yawa ba. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Hummers da Offeman suka wallafa a 1958: a dafa garin girafayit a cikin asid mai ƙarfin gaske tare da famanganet, har iskar oksijin ta kutsa tsakanin shimfiɗun ta buɗa su. Abin da ke fitowa yana bajewa a ruwa, launinsa kamar shayi ba madara. Daga nan sai a cire oksijin ɗin don shimfiɗar ta dawo da ƙarfinta. Shekaru da dama haidirazin ake amfani da shi a wannan mataki, sinadarin da ake zuba wa kumbon sama jannati a matsayin mai, mai guba ne ƙwarai, kuma ana zarginsa da jawo ciwon daji. Shi ma ƙarfen, da yake a narke yake zuwa cikin gishirinsa, sai an ba shi ilektiron kafin ya koma ƙwaya, kuma masu ba da ilektiron ɗin da aka saba da su ba abin wasa ba ne. An gudu ba a tsira ba kenan: ka haɗa abin tsabtace ruwa, ka bar bokitin guba a baya.

A 1998 Paul Anastas da John Warner suka tsara ƙa'idoji 12 na yin aikin sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba. Ta farko ita ce wadda Bahaushe ya daɗe da sani, rigakafi ya fi magani. Daga nan bincike ya buɗe. A 2002 ƙungiyar Jorge Gardea-Torresdey a El Paso ta Amurka ta ga ƙwayoyin zinare sun haɗu a cikin tsiron alfalfa mai rai. A 2004 masu bincike a birnin Pune na Indiya suka haɗa ƙwayoyin azurfa da zinare da ruwan ganyen darbejiya, wannan dogon yaron da ke ƙofar gidan kowa. A 2008 Rajender Varma da abokin aikinsa a hukumar kare muhalli ta Amurka suka yi na azurfa da faladiyam da ruwan shayi da kofi, ba tare da ɗora komai a wuta ba. A 2010 kuma masu bincike a Sin da Sifen, kowa da nasa aikin, suka nuna bitamin C zai iya maye gurbin haidirazin.

Abin da marina suka riga mu sani

Lokacin da na fara karanta waɗannan ayyuka, karofin Ƙofar Mata ne ya faɗo mini a rai, wanda tarihi ke dangantawa da shekarar 1498. Baba ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zane ba. Marini yakan haɗa shi da toka da katsi a cikin rami, ya bar shi kwanaki ya ruɓa. Ƙananan halittun da ke cikin ramin su ne ke ba wa baba ilektiron, sai ya narke. Shi ya sa zane ke fitowa daga rami da launin kore-kore, sai iska ta buge shi, ta ƙwace ilektiron ɗin, ya koma shuɗi a idonka. Ba da ilektiron da karɓarsa, shi ne ainihin abin da nake yi kullum a ɗakin gwaji, marini kuwa ya fi shekara 500 yana yi da hanci da ido da harshe.

Haka majema. Bagaruwar da suke jeme fatar jan akuyar Sakkwato da ita, fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su, cike take da tanin, dangin sinadarin da ke sa shayi ɗaure baki. Wannan dangi shi ne ke mana aiki. Yana ba ƙarfe ilektiron, sa'an nan ya lulluɓe ƙwayar da ta haɗu ya hana ta ci gaba da girma.

Ga yadda muke yi. Muna tafasa ganyen shayi ko ɓawon 'ya'yan itacen lici, wanda ake zubarwa tuli-tuli a nan duk watan Yuni da Yuli, mu tace. A wata kwalba mu baje girafin mai oksijin a ruwa, mu zuba gishirin azurfa ko na faladiyam ko na tagulla. Ƙarfen yakan je ya maƙale a wuraren da oksijin yake a jikin shimfiɗar. Sai mu zuba ruwan ganyen, mu ɗumama ƙasa da tafasa, injin yana juyawa na wasu sa'o'i. A hankali ruwan ya tashi daga launin shayi ya koma baƙi. Ganyen ya yi aiki biyu a tukunya ɗaya, ya cire oksijin, ya kuma haifar da ƙwayoyin. Mu wanke, mu busar, a samu ɗan baƙin gari da bai cika cokalin shayi ba.

Gwajin farko da kowa ke yi shi ne da wani sinadari rawaya mai guba da ake kira naitirofinol. In ka haɗa shi da mai ba shi ilektiron ka bar su, za su daɗe suna rawaya. Da ka yafa ɗan garin nan, cikin mintuna launin ya gushe. Abin da ya koma kuwa shi ne sinadarin da ake haɗa farasitamol da shi. Ranar da na fara gani da idona na daɗe tsaye ina kallon kwalbar.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na tsaya a nan. Akwai tambayoyi huɗu da nake so duk ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni ya riƙe, domin takardun bincike da yawa suna tsallake su.

Ta farko, daga ina girafin ɗin ya fito? In da asid da famanganet aka yi shi, to ruwan ganyen matakin ƙarshe kawai ya gyara. Wanke asid ɗin nan kaɗai yana cin ruwa mai yawa, kuma ruwan wankin yana ɗauke da manganis. Akwai masu neman wasu hanyoyi, kamar ɓanɓaro shimfiɗun da wutar lantarki, ko hanyar da ƙungiyar James Tour ta Jami'ar Rice ta sanar a 2020, inda ake harba wuta mai tsanani cikin ƙiftawar ido a kan shara mai kabon ta koma girafin.

Ta biyu, za a iya maimaitawa? Sinadarin kwalba iri ɗaya ne yau da gobe. Ganye ba haka yake ba. Na taɓa sayen shayi iri ɗaya a shago ɗaya, wata biyu tsakani, ƙwayoyin da suka fito girmansu ya bambanta sosai. Ƙasa da damina da lokacin tsinka da yadda aka busar duk suna da tasiri. Masana'anta ba za ta sa kuɗinta a abin da yau fari gobe baƙi ba.

Ta uku, gushewar launi tana nufin gushewar guba? Ba kullum ba. Mafi yawan rinin masana'antu na zamani dangin azo ne, kuma in aka karya su ta hanyar ba su ilektiron, wasunsu sukan rabe zuwa sinadarai marasa launi da ke jawo ciwon daji. Dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da irin waɗannan a tufafi da fata tun 2002 kenan. Ruwa zai iya yin garau alhali ya fi dā haɗari. Dole a auna abin da ya rage, kada a tsaya ga ido.

Ta huɗu, ina katalis ɗin yake zuwa bayan an gama? Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma tana cutar da kifi da ƙananan halittun ruwa. In ƙwayoyin suna zubewa daga kan shimfiɗar, mun cire datti ɗaya mun zuba wani. Ga kuma bambancin ruwan gwaji da na gaske. Ruwan majemar zamani yana ɗauke da kuromiyam da gishiri da kitse da gashi da farar ƙasa, duk suna iya toshe fuskar katalis ɗin cikin ɗan lokaci.

Ga 'yan kasuwarmu ma akwai abin lura. A baje-kolin Canton, wanda ake yi tun 1957 duk Afrilu da Oktoba, da kasuwannin gari, za ku ci karo da safa da bargo da abin ɗumama baya da aka rubuta girafin a jikinsu, wasu har da alkawarin magani. Sunan yana sayar da kaya. Kafin ku cika kwantena, ku nemi takardar gwaji daga ɗakin bincike mai zaman kansa da ke nuna mene ne a ciki kuma nawa ne.

Rabonmu a ciki

Matakin farko na wannan aiki ba ya buƙatar dukiya. Kwalabe da murhun lantarki da injin auna launi, waɗanda akwai su a sassan sinadarai na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, sun isa a haɗa ƙwayoyin. Ɗalibai da yawa a gida suna yi da zogale da darbejiya da zoɓo da lalle, kuma akwai ƙungiyar masu bincike a jami'ar fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho da ta daɗe a kan wannan hanya. Inda ake cijewa shi ne ganin abin da aka haɗa. Madubin ilektiron da ke nuna ƙwaya mai nanomita 5 yana da tsadar gaske, kuma yana son wutar da ba ta ɗaukewa. A nan ina cike fom a kwamfuta in samu lokaci cikin mako guda ko biyu. Wata ƙawata da ke karatu a gida sai da ta aika samfurinta ƙasar waje, ta jira watanni, ta biya daga aljihunta.

A nan ne mu da ke waje za mu yi amfani. Malaman nan suna karɓar haɗin gwiwa in aka zo musu da tambaya mai ma'ana da samfuri mai tsabta, kuma wasiƙa daga ɗalibin da suka sani ta fi ta baƙo saurin samun amsa. Amma a bi doka: ba a shigo da ganye ko iri ƙasar Sin a jaka ba tare da izini ba, kuma a rubuta tun farko sunan wa zai hau kan aikin, kada tsironmu ya tafi, sunan ɗalibinmu ya tsaya a gida.

Ga masu neman batun digiri na biyu ko na uku, shawarata kada ku ƙara gwada ganye na ɗari da ɗaya a kan ruwan rawaya. An yi wannan har an gaji. A ɗauki bagaruwa kaɗai, a samo ta daga Sakkwato da Katsina da Maraɗi, ta rani da ta kaka, a auna tanin ɗin kowace, a ga yadda yake sauya girman ƙwaya. A gwada baƙin ƙarfe da tagulla, waɗanda majemi zai iya saye, maimakon faladiyam. A duba ko ɓuntun shinkafar da ke jibge a bayan injinan casa na Kura zai iya zama shimfiɗar kabon, ko da bai kai girafin ba. Sa'an nan a ɗebo ruwa na gaske daga magudanar Challawa, a gwada katalis ɗin sau goma a jere, a rubuta abin da aka gani ko da bai yi daɗi ba. Wanda ya yi haka zai samu masu karanta aikinsa a Kano, zai kuma samu a Guangzhou, domin tambayar da ake yi a bakin kogin Lu'ulu'u ita ce ake yi a bakin Jakara.